Shekarar da Na Mayar da Sanarwar Rasuwa Hoto

Daga gadar Anacha har bakin ruwan Fatakwal ba a taɓa yin Bahaushen da ya kai ni iya gina shafin intanet ba. Wannan ba cika baki ba ne, kowa ya shaida, musamman da yake a shekarun da nake ba ku labari ni kaɗai ne nake yi. Shagona yana Ogui a cikin Inugu, tsakanin mai gyaran janareta da wata mata mai soya doya. Faɗinsa kuwa, in na miƙe ƙafa sai mai kawo aiki ya jira a waje. Amma allon da na kafa a samansa ya fi shagon girma, kuma a jikin allon nan na zama Injiniya ba tare da wata jami'a ta wahala a kaina ba. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin ana cewa mahaifinku ne ya fara yi wa Hausawan kudu shafin da makaho zai iya karantawa. Ban taɓa musantawa ba, don yabo bai taɓa sa mini ciwon kai ba. Gaskiya ne na yi. Abin da ba a gaya muku shi ne yadda aka yi na yi, kuma gara ku ji daga bakina kafin ku ji a bakin mahaifiyarku, wadda ba ta rage komai in tana ba da labarina.

Baffa Haruna yayan mahaifina ne. Kun san shi da sanda da baƙin tabarau, zaune a kan benci a ƙofar gidansa na Asata, amma ba haka ya zo Inugu ba. Ya zo ne yana saurayi a saman buhunan albasa, ya yi kasuwanci har ya gaji, sannan hawan jinin ido ya riƙa cin ganinsa kaɗan kaɗan har ya cinye. Abin da ciwon bai taɓa ba shi ne aikin da aka san shi da shi. Mu nan kudu mutuwa tana zuwa mana da gaggawa iri biyu. Gawa ba ta jira, dangi kuma suna Arewa, kwana guda a mota. Wanda ya rasu da safe a Fatakwal, kafin La'asar an rufe shi, kuma waɗanda za su tsaya masa a sahu mu ne, 'yan Inugu da Anacha da Fatakwal. Shekara talatin, duk rasuwar da aka yi a garuruwan nan uku, Baffa ake fara kira. Shi ya san wane ɗan garin su wane ne, wa ya yi yaron shago a hannun wa, wa suka yi faɗa da mamacin ya kamata a kira shi ya zo ya yafe. Lambobin mutane a kansa suke, ba a takarda ba. Har tsokanarsa ake yi cewa in wayarsa ta kira ka da sassafe, ka fara salati kafin ka ɗauka.

Da idon ya tafi, wani malamin makaranta Inyamuri, shi ma makaho, da suka haɗu a layin asibitin ido, ya saita masa wayarsa ta riƙa magana. Sai ya ja yatsa a kan gilashin, muryar wata mata ta faɗa masa abin da ke wurin, in yana so ya buɗe ya taɓa sau biyu. Baffa ya sa mata suna Madam. Hausar Madam kuwa sai ka ce Baturiya ta cika baki da doya mai zafi, ga sauri kamar ana bin ta da gudu. Mu ko kalma ɗaya ba ma kamawa. Shi yana ji tsaf, har yakan gyara mata.

A shekarar ne ƙungiyar 'yan kasuwarmu ta garuruwan uku ta yi babban taro a Inugu, na je da kwamfutata da sabuwar shadda da ta sha sitaci har tana iya tsayawa ba ni a ciki. Na nuna musu shafin da na gina musu, na yi jawabin da in da a majalisa na yi shi da an ba ni minista. Na ce kiran waya ɗaya bayan ɗaya aikin da ne, ana manta wasu, kuma Baffa ya tsufa, ya kamata a hutar da shi. Daga yau duk wanda aka yi wa rasuwa ya turo wa Injiniya, Injiniya ya saka a shafi, cikin minti biyar garuruwa uku sun gani. Aka yi ta gyaɗa kai. Baffa yana gefe, ya ɗora haɓa a kan sanda.

"Injiniya," ya ce, "shi wannan shafi naka, Madam za ta iya karanta mini shi?"

"Baffa, ko akuya ce ta riƙe waya za ta karanta shi."

Aka yi dariya, shi ma ya yi.

"To madalla. Na huta ke nan."

Bari in gaya muku yadda nake yin sanarwar, don a nan ɓarnar take. Ba na rubuta ta a matsayin rubutu. Zana ta nake yi. In sa baƙin zagaye, in ɗora hoton mamaci a tsakiya, a sama Innalillahi da rubutun Larabci mai lanƙwasa, a ƙasa suna da wuri da lokacin jana'iza da haruffa ruwan zinare. In haɗe duka su zama hoto guda, in saka. Mutane suna so, don suna iya tura wa 'yan'uwa a Arewa yadda yake, kuma ko mamacin da bai taɓa mallakar keke ba sai ya fito kamar gwamna. Hotunan kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya, na sa suna wucewa da kansu, wannan ya tafi wancan ya shigo. Maɓallan shafin ba mai suna a cikinsu, 'yan zane ne kawai, kibiya da ƙararrawa da ambulan. Ni a ganina na gama aiki. Abin da ban sani ba, ko in ce ban damu in sani ba, shi ne Madam rubutu take karantawa. In ka narka rubutu a cikin hoto, a wurinta babu shi.

Mako biyu da fara aikin na je gaishe da Baffa ranar Juma'a. Muka gaisa yadda ya saba, ya tambayi gida, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwa, ya tambayi gajiya, sannan ya laluba aljihu ya fito da waya.

"Zo ka ji abin da mutuniyar take cewa."

Ya ja yatsa. Madam ta ce imej, wato hoto. Ya sake ja, ta ce imej. Ya sake, ta ce botin, wato maɓalli. Ya sake, imej.

"Tun da ka buɗe shafin nan ba wanda ya rasu sai wannan bawan Allah. Kullum shi. Ni kuma ban san garinsu ba."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce wayarsa ce ta tsufa, amma zan duba mako mai zuwa. Gaskiyar magana ban san abin da zan duba ba, kuma mutumin da ya rubuta Injiniya da haruffan da ake hangowa daga titi ba ya cewa ban sani ba. Makon ya zo ya wuce, wasu suka bi shi. An yi rasuwa uku a tsakani, duka Baffa ya ji a masallaci a bakin maƙwabta, ya je kuma. Sai na ɗauka ba abin da ya lalace.

Akwai Malam Isa na Anacha, mai sayar da wake. Mota ɗaya ta kawo su kudu shi da Baffa, a kan buhu ɗaya suka kwana a hanya. Sun yi wa juna alkawari tun suna da baƙin gashi cewa duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai tsaya a kansa har a rufe shi, shi zai fara zuba ƙasa. Ba wanda bai san alkawarin nan ba a garuruwan uku, don su biyun ba sa haɗuwa ba su yi gardamar wa zai wahalar da wa ba. A daminar shekarar Malam Isa ya kwanta ciwo. Baffa ya sa aka wanke masa babbar rigarsa fara aka rataye a ƙusa kusa da ƙofa. Kullum bayan La'asar yakan kira ya ji jikin, kullum da safe kuma yakan buɗe shafina, Madam ta ce masa imej, ya mayar aljihu. Bai taɓa ce mini in labarin Isa ya zo hannunka ka kira ni ba. Mutumin da ya shekara talatin yana gaya wa mutane ba ya roƙon a gaya masa.

Ranar wata Talata, bayan sallar Asuba, Malam Isa ya cika. Babban ɗansa Lawal ya bi sabuwar doka, ya turo mini saƙo da hoto. Na tashi na zauna a kan aikin. Na gwada zagaye huɗu kafin na zaɓi ɗaya, na goge wani tabo a hular mamacin, na ƙara wa zinaren haske. Na saka kafin takwas. Ƙarfe tara motar 'yan Inugu ta cika a Ogui, har da masu zama a kan injin. Wani daga baya ya ce ina Baffa. Wani ya amsa masa.

"Baffa da Malam Isa? Ai tun da asuba yana can. Kai za ka gaya wa Baffa rasuwa?"

Duk motar ta yarda, har da ni. Lawal bai kira shi ba don ya tabbata Injiniya ɗan ƙaninsa ne, zai faɗa masa. Ni ban kira shi ba don na tabbata Lawal shi ya fara kira. Maƙwabtansa na masallaci daga shagunansu suka wuto tasha, kowa yana ganin Baffa ya riga shi. Mutum wajen ɗari biyu suka san Malam Isa ya rasu, kuma duk cikinsu ba wanda ya ga ya isa ya kai wa Baffa labarin mutuwa.

Mun isa Anacha ana yayyafi. Aka yi Azahar, aka fito da makara. Na ga Lawal yana ɗaga kai yana duba bayan mutane, sannan ya ratso sahu ya zo wurina.

"Yaya Injiniya, ina Baffa? Ba tare kuka zo ba?"

Na koma gefen wata katanga na kira. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Injiniya, lafiya? Yau na ji unguwar shiru. Ko mai shayi bai buɗe ba."

Na faɗa masa. Ban tuna kalmomin da na yi amfani da su ba, na dai san ba irin na taron nan ba ne. Ya yi Innalillahi sau uku a hankali. Sannan ya tambaya ko an yi sallah, na ce yanzu ake tsayar da sahu. Lawal ya je ya yi wa liman magana a kunne. Liman ya dubi sama, ya dubi dattawa. Tafiyar daga Inugu ta fi awa biyu ko hanya ta yi kyau, masu haƙa kuma sun aiko cewa kabarin ya fara tara ruwa, ƙasar kudu ba ta riƙe rami a damina. Ba wanda ya ce a jira, kuma ban ga laifin kowa ba.

"Kar ka kashe wayar," in ji Baffa. "Sa ta a aljihun gaba."

Haka na shiga sahu da shi a aljihu. Aka yi kabbara huɗu, aka sallame, aka ɗauka. A maƙabarta aka ɗan tsaya ana duban juna wa zai fara zuba ƙasa, sai Lawal ya sunkuya ya zuba. Da na ciro wayar na ga ya riga ya kashe, ban san a wane wuri ba.

Washegari ni na kai shi ta'aziyya. Ya sa farar rigar. A hanya ya yi ta hira da direba a kan ramukan titi da tsadar taya. Bai yi mini faɗa ba, ranar ko bayanta. In na je gaisuwa yana amsawa cikakke, gida, iyali, kasuwa, gajiya, ba ya tsallake ko ɗaya. Sai dai ya daina fito da waya a gabana, kuma ya daina tsokanata. Ni kuwa da zagi ya yi mini da na fi samun sauƙi, don zagi na san yadda ake mayar da shi wasa.

Mahaifiyarku ce ta gaji da ganina ina zagaya tsakar gida ina bayanin cewa laifin na kamfanin waya ne. Wata safiya ta cire ɗankwalinta, ta ɗaure mini ido da shi tamau, ta kunna muryar nan a wayata, ta danƙa mini.

"Baban Ummi, ga shafinka. Nemo mini ƙarfe nawa aka yi jana'izar Malam Isa. In ka samo ka karya kumallo."

Na yi minti arba'in. Na kira tsohon mai gidan hayarmu sau biyu, na kunna waƙa, na kusa tura wa surukata hoton janareta. A shafin da na gina da hannuna, wanda na san kowane lungunsa, ban iya gano ko sunan mamaci ba. Da na kusa kama wani abu sai hoton ya wuce da kansa, muryar ta koma farko. Ranar sai da rana ta take na ci abinci, shi ma don ta ji tausayi ne.

Na nemi malamin nan da ya saita wa Baffa waya, Mista Okoye, na same shi a makarantarsu lokacin tara. Ya saurari shafin nawa na minti ɗaya, ya ajiye wayar a tebur.

"Oga Engineer, na wall you build. You come paint door for the body."

Wato bango na gina, na zana ƙofa a jikinsa. Na so in yi gardama, sai na tuna ɗankwali. Wata uku ina zuwa wurinsa duk Asabar, ni mai allo a Ogui, ina zaune a kujerar 'yan aji uku gwiwata tana taɓa haɓata. Abin da ya koya mini ba shi da wuya, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Rubutu ya zauna a rubutu. Sunan mamaci da garinsu da wurin sallah da lokaci su zo farko, kafin duk wani ado. Kowane hoto a rubuta masa bayani a bayansa, wanda ido ba ya gani amma murya tana karantawa. Kowane maɓalli a ba shi suna. Abin da ke motsi da kansa a tsayar da shi. Haruffa baƙaƙe a kan fari, waɗanda mutum zai iya ƙara musu girma. Ni na ƙara da karanta kowace sanarwa da bakina in saka muryar, saboda 'yan dakon Kasuwar Oil Mill ta Fatakwal da masu tura baro, waɗanda yawancinsu ba su yi boko ba, kuma ashe su ma hoton mamaci kawai suke gani su yi ta tambayar wa ya san lokaci. Da na fara bincike sai ga Alhazai uku masu tabarau sun amsa, kowa a ɓoye, cewa zinaren nan nawa ba su taɓa iya karanta shi ba, matansu suke ba.

A taron ƙungiya na gaba na tashi ba shadda. Na ce na yi kuskure, na faɗi irinsa, na roƙi a mayar da doka cewa duk sanarwar da ta zo, kafin a taɓa shafi a kira Baffa. Ba wanda ya ƙi wannan. Sabon shafin ne bai yi musu ba. Shugaban ƙungiya ya juya wayarsa sama da ƙasa.

"Injiniya, ina zinaren? Wannan ai kamar takardar asibiti."

Wasu 'yan kasuwa biyu da na yi wa shafin shaguna suka koma wurin wani a Fatakwal, wai hannuna ya mutu. Wani ya aiko mini cewa in ya rasu kar in kuskura in saka shi a wannan farin abu. Na ce ya turo mini saƙo in lokacin ya yi, mu tattauna.

Na bi tsofaffin sanarwoyin duka na sake rubuta su, don shafin ya zama iri ɗaya daga sama har ƙasa. Da na gama, wata safiyar Lahadi na tafi Asata. Zuwa lokacin, ba na ɓoye muku, fankamata ta fara dawowa. A hanya har na shirya abin da zan ce in ya yaba, yadda zan sunkuyar da kai in ce ai ba komai. Muka gaisa har ƙarshe. Na ce Baffa, a gwada shafin nan. Ya laluba aljihu.

Ya ja yatsa, Madam ta karanta sunan ƙungiya. Ya ja, ta ce sanarwar rasuwa. Ya ja, ta faɗi sunan wani mai goro da ya rasu a Fatakwal makon da ya wuce, da garinsu, da masallacin da aka yi masa sallah. Baffa ya gyaɗa kai. Ya ci gaba da ja yana sauka, wata ɗaya baya, wata biyu, wata uku, yana tsayawa a kan kowane suna ya ce Allah ya jiƙansa. Ina tsaye ina murmushi kamar wanda ake ɗauka hoto. Sai da na ji Madam ta ce Isa, ta ce Anacha, na tuna cewa ban cire wannan ba.

Ta karanta duka. Suna, unguwa, sallah ƙarfe biyu bayan Azahar. A ƙasa kuma, da yake na gyara komai yadda Mista Okoye ya ce, ta karanta har ɗan layin nan da ke nuna lokacin da aka saka sanarwa. Baffa ya mayar da yatsa, ta sake karantawa. Ya kashe wayar, ya sa a aljihu, ya gyara zaman sandarsa.

"Aiki ya yi kyau, ɗan nan," ya ce. "Takwas saura kwata. Ashe da na isa har na yi masa wanka."